Littafin Fatihu Mai Injin Niƙa

Fatihu injin niƙa gare shi a wani ƙauye gabas da Gezawa. In masu niƙa suka ɗauke ƙafa, sai ya karkaɗe garin hannunsa ya zauna rubuta gajerun labarai. Matarsa Aina'u ce ta ji sanarwa a rediyo, ta matsa masa ya aika guda. Aka sa shi a wani kundin gajerun labarai, nasa ne na tara.

Ranar da kundin ya iso, 'yarsa Tahira da ke sakandare ta karanta, ta turo baki.

"Baba, duk labaran manya ne. Mu fa?"

"To, ku me kuke so?"

"Aljanu, da tafiya mai nisa."

Damina biyu ya yi yana rubuta labarin wata yarinya da ta leƙa rumbun kakarta, ta faɗa garin da zabi ke sarauta. Da littafin ya fito, ya kai kwafi ɗaya makarantar su Tahira. Kafin wata ya zagayo, bangon ya yage saboda yawan hannu. Fatihu ya karɓo shi ya ɗinke da zaren buhu, yana ta dariya.