Na Ba Da Hayar Ɗakin Da Ba Nawa Ba

A farkon shekarun tamanin ni akawu ne a wata ma'aikata a Maiduguri, da mata ɗaya da 'ya ɗaya, da biro uku a aljihun gaba, da girman kan da ya fi albashina nauyi. Daga kudancin Borno na fito. Ina hayar ciki da falo a unguwar Lamisula, a gidan wani dattijon Kanuri da duk unguwa ke kira Baba. Shi Musulmi ne, ni Kirista, amma ran Lahadi in na makara coci shi ke sa sanda ya buga mini ƙofa. Tadanyi yake ce mini, wato ɗana, in kuma tsokana ta motsa ya ce auta shalelen uwa, don na taɓa gaya masa ni ne na ƙarshe a ɗakinmu.

Sai aka tura ni aiki Monguno na wasu watanni. Na kai iyali ƙauye, na zauna ina tunanin ɗakina. A Lamisula in ka saki ɗaki ya tafi ke nan, albashi kuma ba zai ɗauki haya biyu ba. Na yanke in sa wani a ciki ya riƙa biya har in dawo. Da na gaya wa Baba, bai ko bari na kai ƙarshe ba. Ya ce duk wanda ya kwana a gidansa shi ne wanda Bulama, mai unguwarmu, zai tambaya, shi kuwa ba ya amsa sunan mutumin da bai san ubansa ba. Ya ce in kulle in tafi, maganar haya ma yi ta in na dawo. Maimakon in gode, sai boko ya hau mini kai. Na shiga na ɗauko rasidaina, na shimfiɗa su a kan tabarmarsa gaban abokan hirarsa bayan la'asar, ina koya masa doka har da Turanci, alhali na san bai iya karatun boko ba. Ya tattara takardun ya miƙo mini, ya ce sun ba ni ɗaki, ba su ba ni ƙofar gida ba.

Haushi ya hana ni sakat. A tasha na haɗu da wani mai fataucin atamfa da muke yare ɗaya, yana neman wurin ajiye kai. Na san al'adar gidan, ba a korar ɗan'uwan ɗan haya. Sai na kawo shi na ce wa Baba ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, zai riƙe mini ɗaki. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya juyo ya dube ni, sannan ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Na tafi Monguno ina yi wa kaina kirari, wai na yi wa tsoho wayo.

Wata biyu ba su cika ba wani direba ya kawo mini labari. 'Yan sanda sun shiga gidan, sun fito da dilolin kayan sata daga ƙarƙashin gadona, mutumin ya ɓace, sun tafi da mai gida. Kwana huɗu Baba ya yi a bayan kanta, a ƙasa, ba hula, da ciwon gwiwarsa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne kullum safiya mota na tashi zuwa Maiduguri, ni kuwa ban shiga ba. Na kwanta na ce zazzaɓi nake yi, ina jiran a zo a kama ni. Ba wanda ya zo.

Da na dawo, Bulama ya tare ni a bakin layi ya gaya mini dalili. An tambayi Baba wa ya kawo ɓarawon, ya ce shi ya ba shi ruwa, don haka baƙonsa ne. An juya tambayar ta kowace fuska, bai ambaci sunana ba, don ya san aikina zai tafi. Bulama ya ce ya tambaye shi ko ya yarda da zancen ƙane, Baba ya ce ina auta ya samo ƙane? Tun ranar ya gane, ya dai ƙi ƙaryata ni a gaban baƙo ne.

Bai kore ni ba, da ma ya kore ni da na samu sauƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya ce sannu da hanya malam akawu. Daga ranar ban sake jin tadanyi a bakinsa ba. Ya daina fito da tabarma ƙofar gida, don kunyar mutanen da suka ga an tisa ƙeyarsa. Na kasa jure ganin wurin babu kowa, na kwashe kayana na koma unguwar Fezzan. Sau uku ina sayen goro don in je neman gafara, sau uku yana bushewa a aljihuna. Kafin damina ta faɗi ya rasu, na je na tsaya daga nesa kamar mai wucewa.

Yanzu na tsufa, ina da gidan kaina da 'yan haya, amma ban ga ranar da wannan abu zai sake ni ba, don wanda zai yafe mini ba ya nan. Ku da ke zaune a gidan wani, in mai gida ya ce a'a, ku tambayi abin da yake tsoro kafin ku ɗauko takarda. In kuwa kun riga kun cuci mutum, ku je yau, tun yana iya amsa sallama. Rasidan nan suna cikin akwatina har yanzu, ko ɗaya bai ɓata ba.