Zaren Sista Magadaliya

Ƙarfe bakwai na safe Sista Magadaliya take isowa ƙaramin asibitin unguwarmu a Laranto, tun daga Gada Biyu. Ta goge teburinta, ta jawo sikeli, ta ajiye ƙullin zaren buhu da almakashi. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma wanda ya ga yadda take jan ƙafa yanzu ya san ta gaji.

Aikinta awon marasa lafiya kafin su ga likita, a nan ta lura da abin da sikeli ba ya faɗa. Mace za ta hau, nauyi ya yi sama, amma kitsen na cinya ne da mazaunai, ta karɓi magani ta koma gida. Namiji kuwa ƙafafu kamar sillen kara, sikeli ya wanke shi tas, alhali tumbi ya riga shi shigowa ɗaki. Ba a daɗewa sai ta gan shi an ba shi gado, hawan jini ko suga ya kayar da shi. "Mata ma in kitsen ya taru a ciki ba su tsira ba," in ji ta, "amma maza sun fi cika mini gadaje."

To, mazanmu ba sa yarda mace ta zagaya musu ciki da tef. Sai ta riƙa yanka zare daidai tsawon mutum, ta ninka biyu, ta miƙa masa. "Oga, zagaya da kanka, ta saman cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, akwai magana."

Ranar da na raka aminina Haladu direba, mu biyun ta yanka wa. Nawa saura yatsa huɗu ya haɗu, nasa ko kusa bai yi ba. Haladu ya shafa ciki yana dariya. "Haba Sista, wannan ai hutu ne! Kin san shekarun da na yi ina nemansa?"

"Malam Haladu, na ji wannan maganar a bakin mutum ɗari," ta ce. "Na gaji da gyara musu gado."

Da zaren nan Haladu ya ɗaure bakin buhun dankali. Bara ya yanke jiki ya faɗi a tasha, ɓarin jikinsa ya shanye, har yau ba ya magana. Ni Uzairu tela, da nake ƙara masa faɗin wando duk Sallah ina yi masa barka da arziki, kunya ta hana ni haɗa ido da Sista a bakin gadonsa na asibiti. Ba ta yi mini gori ba. Tambayata kawai ta yi ina na kai zarena.

Ke ce kika sha dariyarmu shekara da shekaru, Sista, ba ki ajiye almakashi ba. Na san kina ganin kamar a banza kika yi. Ba a banza ba ne. Mun gode, Allah ya huta gajiya.

'Yan'uwana teloli, ku da cikin kowane magidanci ke bi ta hannunku, ku karɓi aikin nan, ku daina yi wa tumbi kirari. Ni dai duk wanda ya kawo ɗinki yanzu sai na yanka masa zare, ko zai ji haushi. Nawa yana rataye jikin keken ɗinki, duk Juma'a nake gwadawa. Saura yatsa biyu.