Takardar da Tartsatsi Ya Riƙe

Tartsatsi ake ce masa, har laƙabin ya danne sunansa na gaskiya. Mai walda ne. Maƙwabcinsa Kafinta ya fara saninsa a watan Yuni na 1996, ranar da Tartsatsi ya kama shagon da ke jikin nasa, ya shigo aron tsani tun bai gama sauke kaya ba.

Mutum ne mai baki. Idan yana gyaran ƙofa, mai ƙofar kan manta da saurin da yake yi, ya nemi benci ya zauna sauraro. Biro biyu ba sa barin aljihunsa, amma ko harafi ɗaya bai sani ba. Duk layin Kafinta kaɗai ya san wannan, domin shi ke karanta masa saƙo a bayan shago, shi ke rubuta masa awon tagogi. Kafinta kansa sai da ya haura arba'in ya shiga makarantar manya, kuma tun da ya fito bai bar kowa ya manta ba.

Da ƙungiyar masu sana'ar hannu ta shirya gasar jawabi, Kafinta aka naɗa sakatare. Shi ya tsara dokokin kora guda uku, ya karanta su da ƙarfi a zauren taro yana gyara tabarau: wanda ya wuce minti biyar, wanda ya zagi wani, da wanda ya karanta daga takarda.

Tartsatsi ne na huɗu da ya hau dandamali. A layin gaba akwai ɗiyarsa da mijinta, malamin makaranta, wanda wata biyu ke nan da shigarsa dangi. Ya zaro takarda, ya buɗe, ya yi jawabi a kan idon mai walda da yadda wuta ke cinye shi a hankali. Lokaci-lokaci yakan sunkuya ya dubi takardar, ya gyaɗa kai kamar ya gano inda ya tsaya. Da ya gama, tafi ya ɓarke.

Shugabar alƙalai, tsohuwar lauya, ta ɗaga hannu. "Baba, jawabinka ya fi na kowa, amma ka karanta. Doka ta uku ta fitar da kai."

Tartsatsi ya yi murmushi, ya ninke takardar. "Ranki ya daɗe, na karɓa. Mu masu karatu haka muke, ido ba ya haƙuri." Ya saci kallon surukinsa.

Kafinta ya gane takardar: awon tagogi ne, da hannunsa ya rubuta. Ya ga kofin gasar zai kuɓuce wa abokinsa a banza, ya kuma ga cewa shi kaɗai a zauren ya san gaskiya, kuma wannan sanin ya yi masa daɗi. Ya miƙe.

"A dakata! Ba a korar mutum kan karatun da bai iya ba. Wannan ko sunansa aka rubuta da girman ƙofa wucewa zai yi. Ku duba, a juye ma ya riƙe ta!"

Wani bakanike ya yi ihu daga baya: "To biron fa, na sosa kunne ne?" Dariya ta cika zaure. Malamin makarantar ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Lauyar ta karɓi takardar, ta duba, ta soke korar. Tartsatsi ya karɓi kofin da hannu ɗaya, kamar ƙarfen da bai huce ba.

Kafinta ya kwana uku yana gaya wa kansa taimako ya yi. A rana ta huɗu ya kasa riƙe zarto, ya zaga shagon maƙwabcinsa.

"Ɗan'uwa, kofin na nema maka."

Tartsatsi bai cire gilashin walda ba. "Na roƙe ka kofi? Shekara ashirin da biyar ban samu wanda ya shaide ni da karatu ba sai matar nan. Minti ɗaya ma ba ka bar ni da shi ba."

Kafinta ya juya ya koma shagonsa. Kafin wata ya ƙare Tartsatsi ya kwashe kayansa zuwa wata unguwa. Ganinsu na ƙarshe ke nan, ranar Talata, 9 ga Maris, 2021.