Ayaba a Madadin Ƙwaya

Maigidana Malam ya daɗe da hawan jini. Kullum da safe, in ya tashi karatun allo a zaure, sai in kai masa koko da ƙwayarsa ta asibiti, ya haɗiye ya wuce gona. Haka muka zauna shekaru.

Wata damina ƙanensa ya zo da waya, ya kunna mana muryar wani mutum da ake ta turawa. Mutumin ya fara da bisimilla da salati, ya jawo aya, sannan ya ce cin ayaba kafin karin kumallo yana wanke jini tas, ƙwayar asibiti kuwa ƙoda take lalatawa. Ba wanda ya san sunansa ko garinsu. Na ce a bari a tambayi asibiti tukuna.

"Mutum ya buɗe baki da sunan Allah, ni ne zan ƙaryata shi?" in ji Malam. "Ke dai a nemo ayaba."

Ayaba ba ta yi a ƙasarmu. Sai ran kasuwar Ɗambatta ake sayo masa, in rataye ta a ɗaki. Ya daina shan ƙwayar. Yana ɓare ayaba yana tsokanata, wai bai taɓa shan magani mai daɗin wannan ba.

Na je asibitin da kaina. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ayaba abinci ce mai kyau, tana sa ƙarfi, tana sauƙaƙa bayan gida, har mai hawan jini tana yi wa amfani, amma ba ta tsayawa a madadin ƙwaya. Na dawo na faɗa masa. Ya ce ai ba ya jin ciwon komai.

Lokacin yankan gero ya faɗi a gona. A amalanke aka kawo shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kai shi asibiti, aka mayar da shi kan ƙwayar, amma magana ba ta dawo ba. Tuwo ya gagare shi. Ayabar nan nake murƙushe masa da cokali, ita kaɗai yake iya haɗiyewa.

Ya rasu kafin a cire gyaɗa. Yanzu ma da nake faɗa ana rubutawa, kuka nake yi. Allah Ya jiƙansa.