Wutsiyar Waƙa

Waƙar tana da kai, tana da wutsiya. Haka na same ta a bakin uwata tun muna ruga, kafin fari ya cinye mana garke mu shigo Maiduguri mu zauna a bayan Kasuwar Shanu. Idan namiji zai fita da dabbobi, matan gida su yi masa kan waƙar: "Tafi, mai farar saniya, tafi, hanya ta yi maka sanyi, rijiya ta yi maka kusa." Nan ake tsayawa. Wutsiyar kuwa, mai cewa "ga sanda a jikin danga, a dama fura, mai tafiya ya iso," ba a taɓa ta sai ƙafarsa ta taka tsakar gida. Ko kwana arba'in zai yi, haka waƙar za ta zauna a gutsure.

Ina yarinya wutsiyar na fi so, don a nan ake jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Nakan laɓe bayan bukka in rera ta ƙasa-ƙasa alhali babana yana daji, kuma kullum dawowa yake yi. Sai na ce a raina, tsoron tsofaffi ne kawai.

Aka yi kwanaki, aka yi shekaru, ni ma na zama tsohuwar. Gari ya rikice. Waya ta daina shiga, ana rufe hanya tun la'asar. A irin wannan lokacin ne ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya shirya zuwa kasuwar ƙauye sayen shanu, shi da ɗan maƙwabciyata, wata Babarbariya da katanga ɗaya ta raba mu. Suka ce kwana ɗaya za su yi. Na yi masa kan waƙar a bakin zaure, yana dariya yana cewa, "Inna, a mota fa za ni, wace rijiya kuma?"

Kwana ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce.

Ran na uku da hantsi ina zaune ina jan carbi, matar ɗan nawa tana surfen gero. 'Yar Kano ce, yarinya mai hankali. Sai na ji taɓarya ta ƙara sauri, na ji muryarta: ga sanda a jikin danga. Ban san sa'ad da na miƙe ba, ni da sai na dafa bango nake tashi.

"Ke! Rufe bakinki!"

Ta saki taɓaryar. "Inna, lafiya?"

"Wa ya iso? Nuna mini shi."

"Waƙarki ce fa, Inna. A bakinki na koya."

Gaskiyarta. A ranakun daɗi ta ji ta, ranakun da ya riga ya dawo, kai da wutsiya a haɗe. Ban taɓa gaya mata ana raba su ba. Na gaya mata a lokacin. Ta zauna a gefen turmi, ta ce, "Ina yi ne don hankalina ya kwanta. Ai waƙa ba ta kashe mutum, Inna. Rai a hannun Allah yake."

Na ce na sani. Na yi istigfari. Amma ƙafafuna ba su sani ba.

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga. Mu da Barebari akwai wasa, ba ta taɓa raga mini ba. Ta ce, "Bafillatana, yau da wa ake faɗan, da saniya ko da suruka? Ki bar yarinya ta yi waƙarta. Suna tafe, naki yana riƙe wa nawa jaka kamar yadda ya kamata." Na ce mata ubangida ba ya riƙe wa bara jaka. Muka yi dariya wadda ba ta wuce haƙora ba, don na ga idanunta sun faɗa kamar nawa.

Da azahar na yafa lafaya na shiga kasuwa. Turakun shanu rabi babu kowa. Na tambayi dillalai, waɗanda suka san shi tun yana bin babansa da igiya. Kowa ya gaishe ni da kyau, kowa ya kalli ƙasa. Ɗaya ya ce, "Hajiya, tun shekaranjiya mota ba ta shigo ta wannan hanyar ba. Ki koma gida ki yi addu'a."

A hanyar komawa na riƙa jin kan waƙar yana juyawa a ƙirjina, yana zuwa bakin wutsiyar yana komawa. Sai ranar na gane abin da iyayenmu suke yi. Mace ba ta da mota, ba ta da sanda. Rabin waƙar nan shi ne kaɗai abin da take riƙe da shi na mai tafiya, tana riƙe kamar igiyar maraƙi. Ni kuwa gani nake an fizge mini.

Ran na huɗu, rana tana tsaka, aka turo ƙofar zaure ba sallama. Shi ne. Ƙafafunsa sun kumbura, leɓensa ya tsage, rigar jikinsa ba tasa ba ce. Matarsa ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, ya ɗaga mata hannu da sauri, ya nuna katanga.

Ya durƙusa a gabana. Da ƙyar nake jin sa. Ya ce an tare su, sun watsu cikin daji, shi ya yi kwana uku yana tafiya. Ya ce ɗan maƙwabciyata bai tashi daga inda ya faɗi ba.

"Inna, ke za ki gaya mata. Ni ba zan iya ba."

Na shafa kansa sau ɗaya. Ɗana ne, ga shi, da ransa. Bakina ya buɗe da kansa zai kama wutsiyar waƙar, na danne shi da tafin hannu, don katangar ba ta da tsawo.

Na fita, na taka 'yan takun nan zuwa ƙofarta. Tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta ɗago za ta tsokane ni, ta ga fuskata. Ta ajiye faifan a hankali, ta matsa mini wuri a kan tabarma.