Agogon Awo da Guntun Bututu

Ni ne da laifi, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa.

Ina gyaran tsofaffin injinan gas a unguwar Sarkin Dawaki. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne saita taimin, wato lokacin da famfo zai fesa mai. Agogon awo na ƙwarai da ake wannan saitin da shi ya fi ƙarfin aljihuna, sai na samu wani na hannu a wurin masu gwangwan, gilashinsa a tsage, na saya da araha. Daga ranar na ɗauki kaina injiniya. Ko shayi zan je sha, akwatinsa na hammatata.

A unguwar Sintali akwai wani dattijo Bamumuye, shi ma bakanike. Kayan aikinsa guntun bututun nozul ne, irin mai kai mai cikin injin, da ya lanƙwasa, sai alli. Yakan ɗaura bututun a kan famfo, ya juya injin a hankali yana kallon ɗigon mai, inda ɗigon ya tsaya ya ja layi. Na sha yi masa ba'a a gaban direbobi, ina cewa duba yake yi irin na bokaye.

Da kaka wani mutumin garin Mutum Biyu ya kawo injin casar shinkafarsa. Ya ce buhunan mutane na jibge a ƙofarsa, in ya ƙara kwana uku za su kwashe su kai wani wuri. Da ya ambaci dattijon, na yi tsaki. Na ɗora agogona, na saita da lambar da na haddace, na sallame shi ina hura hanci.

Bayan kwana uku ya dawo da injin a bayan mota, yana ta farin hayaƙi, ba ya iya jan ko bel. Rabin buhunan an riga an kwashe. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in biyo shi Sintali, na kuwa bi shi, har da akwatin nan kamar wani likita.

Dattijon ya karɓi agogon, ya goge fuskarsa da babban yatsa.

"Agogon ka yana da lafiya," in ji shi. "Amma shi inci yake ƙirga. Lambar ka na milimita ne."

Ashe ya yi shekaru yana aiki da irinsa. Ni mai kuri, ko rubutun da ke fuskar abin ban taɓa karantawa ba. Ya ɗaura bututunsa, kafin la'asar injin ya tashi sumul.

Sai da na yi mako ina kewaye layinsa. Ranar da na shiga, na jira direbobi suka taru tukuna.

"Baba, a gaban mutane na raina ka, shi ya sa na zo gaban mutane. Jahilci ne ya sa ni, da girman kai. Ka yafe mini."