Fitilar da Iya Saraya Take Hurewa

A unguwar Gardole, gidanmu ne kaɗai na Hausawa Kirista a layin, kuma kakata Iya Saraya ce ke riƙe da hirar yamma. Bayan tuwo takan tara mu gindin murhu, ta ajiye fitilar ƙwai a gabanta. Tatsuniyoyinta ba su taɓa hana ni barci ba, sai labari guda da take bayarwa sau ɗaya a shekara, ranar Jumma'ar gicciye.

Takan faɗi yadda aka kafa Yesu a kan itace, da yadda rana ta mutu da tsakar rana har sa'a uku. Tana kaiwa nan sai ta kife kwano a kan garwashi, ta hure fitilar. Can cikin duhu muryarta za ta fito: "A nan ya mutu." Ni kuwa na ɗauka hure fitilar ne ke kashe shi.

Shekarar da na cika bakwai na ƙudura zan cece shi. Tana miƙa hannu na rungume fitilar, gilashin na ƙona mini ƙirji, ina ihu: "Kada ki kashe, Iya! Zai mutu!"

"Kai maigida, matsoracin miji na samu," in ji ta. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. "Ba duhun ne ya kama shi ba, shi ya shiga da ƙafarsa don kada a tura ka. Saki. Kalas, shi ke nan."

Na saki, amma ban yarda ba.

Na zama saurayi lokacin da harbi ya cika gari, kowa na gudu zuwa gada ya haye Kusiri, garin da ke ƙetaren kogi. A motar maƙwabcinmu Alhaji saura wurin mutum ɗaya, kuma samari ake kamawa a titi. Na ce Iya ta shiga, ga ciwon ƙirjinta, maganin ma ya ƙare. Ta ƙi, ta ce ni zan shiga. Na riƙe zanenta gam. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Saki, maigida."

Kwana huɗu muka yi kafin mu dawo. Maƙwabtan da suka rage sun riga sun binne ta.

Har yau ina tsoron duhu, ba zan ɓoye ba. Amma duk Jumma'ar gicciye ni ke hure wa 'ya'yana fitila, kuma na san wanda ya zauna a cikin duhun domin in fita.